Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Babu wani abin aiki da ke shan wahala a asibitocin cikin birnin Kano kamar sikeli. Tun da sassafe ake hawansa: masu juna biyu da suka zo awo, jarirai da aka kawo rigakafi, dattawan da ke bin layin masu ciwon suga da hawan jini. Mu ne muke duƙawa mu karanta lambar, mu rubuta a kati, wani lokaci mu ɗaga kai mu ce, "Baba, sai fa an rage." Amma da za ka bi ma'aikatan sashen ɗaya bayan ɗaya ka tambaye su yaushe rabonsu da hawa wannan sikeli da kansu, dariya za ka fi samu a madadin amsa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce wanzami ba ya son jarfa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Yakasai, kuma na haura shekara 20 ina wannan aiki, yawancinsa a cikin ganuwa. Waɗanda muka fito daga makarantar koyon jinya tare, da kyar za ka nuna mutum uku da har yanzu kayan aikinsu na wancan lokaci za su shige su, kuma ni ba na cikin ukun. Telan da ke ɗinka mana fararen kaya ya fi kowa sanin wannan tarihi, domin shi ke cewa a ƙaro yadi. Abin da nake gani a jikin nas-nas shi nake gani a jikin likitoci, da ungozomomi, da masu ba da magani, da ma'aikatan ɗakin gwaji: mutum ya shigo aiki siriri, bayan 'yan shekaru tumbi ya fito, gwiwa ta fara ƙara, hawa bene ya zama abin da ake yi da nishi.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da muke kira ƙiba a asibiti, domin ido yana ruɗi. Akwai lissafin da ake kira BMI: a ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa da mita, a sake rabawa da tsawon. Idan amsar ta kai 25, nauyi ya wuce kima. Idan ta kai 30, an shiga ƙibar da ake lissafawa a matsayin cuta. Macen da tsawonta mita 1.6 ne, tana taka layin farko a kilo 64, na biyu kuma a wajen kilo 77. Namiji mai mita 1.7 yana taka su a wajen kilo 72 da kilo 87. Lissafin yana da rauni, don ba ya bambance tsoka da kitse, shi ya sa nake fifita awon ƙugu. Kitsen da ya taru a ciki, wanda ya kewaye hanta da hanji, shi ya fi jawo ciwon suga da ciwon zuciya. Idan ƙugun mace ya haura santimita 80, ko na namiji ya haura 94, haɗari ya fara. Idan ya kai 88 ga mace ko 102 ga namiji, ya yi ƙarfi. Wanda ba ya son riƙe lambobi ya riƙe wannan: kada kewayen ƙugunka ya wuce rabin tsawonka.

Duk wannan mun san shi. Mun rubuta shi a jarrabawa, muna faɗa wa mutane shi kullum. Saboda haka idan aka ga nas mai teɓa, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne, "Ke da kika sani!" Ni kuwa a ganina wannan magana ita ce ta hana a fahimci matsalar, domin tana ɗauka cewa ilimi kaɗai ke riƙe jiki. Da haka ne, da ma'aikatan lafiya na ƙasashen da suka fi mu kayan aiki sun tsira. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa kusan nas ɗaya cikin kowane huɗu a Ingila tana da ƙibar da ta kai matakin cuta. A Amurka kuma, tun 1976 masana a Jami'ar Harvard suka fara bibiyar lafiyar nas-nas 121,700, kuma daga cikin abin da aka gano bayan shekaru masu yawa akwai cewa gwargwadon yawan shekarun da mace ta yi tana karɓa-karɓar aikin dare, gwargwadon ƙaruwar haɗarin kamuwarta da ciwon suga, kuma wani ɓangare na wannan haɗari ta hanyar ƙarin nauyi yake zuwa. Waɗannan mata ba jahilai ba ne. Tsarin aikinsu ne ya yi musu abin da yake yi mana.

Bari in ba ka hoton dutin dare yadda yake a wurinmu. Kin karɓi aiki bayan isha'i, ku biyu a ɗakin da ya kamata a ce ku huɗu ne, saboda abokan aiki da dama sun tafi Ingila ko Saudiyya, ba a kuma cike gurbinsu ba. Tun shigarki ba ki zauna ba: ga ƙarin ruwa da ya tsaya, ga mai naƙuda, ga 'yan'uwan majinyaci da ke neman bayani. Sai wajen ƙarfe biyu na dare abubuwa suka lafa, a lokacin ne yunwa za ta taso miki kamar an aiko ta. A wannan sa'a babu ɗakin cin abinci da ke buɗe, babu mai kwaɗon zogale, babu mai lemo da kankana. Wanda ke farke a bakin ƙofa shi ne mai shayi. Za a aika a karɓo Indomie da ƙwai, da burodi, da shayi mai kauri wanda madara da suga suka yi masa yawa har cokali na neman tsayawa a ciki. Idan barci ya matsa, a ƙara da lemon kwalba mai sanyi don ido ya buɗe.

Wannan yunwa ta tsakar dare tana da dalili a cikin jiki. Rashin barci yana ɗaga sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, yana kuma sauke wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, kuma abin da rai ke nema a irin wannan hali shi ne zaƙi da maiƙo. Sannan jiki ba ya sarrafa suga da dare kamar yadda yake yi da rana. Abinci iri ɗaya, idan aka ci shi ƙarfe biyu na dare, ya fi ɗaga sugan jini fiye da idan da hantsi aka ci. Ga kuma damuwa, wadda ita ma ke taimaka wa kitse ya taru a ciki. Duk wanda ya taɓa rufe wa yaro ido da asuba, ya fito ya fuskanci uwarsa, ya san cewa akwai gajiyar da ba ta ƙafa ba ce.

A yi lissafin sugan kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a rana ga babban mutum, in da hali ma a tsaya a 6. Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye wannan 12 ɗin ita kaɗai. Shayi kofi uku a dare, kowanne da cokali uku, an ƙara 9. Ba a taɓa zancen zoɓo da kunun aya na cikin firij ba, waɗanda muke ɗauka kamar ba su da laifi don a gida aka haɗa su, alhali wasunsu ba su gaza lemon kanti zaƙi ba. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi tun 2022, amma ban taɓa ganin wanda naira 10 ta hana shi sayen lemo ƙarfe uku na dare ba.

Za a ce to, idan an tashi aiki ai sai a rama barcin. Wanda ya faɗi haka bai zauna a lungunan cikin birni ba. Gidajenmu na gado ne, ɗaki na jingine da ɗaki, sashe na kallon sashe. Kin dawo ƙarfe tara na safe, ga injin markaɗe na maƙwabta, ga almajirai na sallama a zaure, ga girkin rana na jiranki. Idan watan Afrilu ne kuma babu wuta, ɗakin kansa tanda ne. Sannan akwai abin da ya keɓanta da mu: gidan nas a unguwa ƙaramin asibiti ne da ba a rufewa. Da kin fara lumshe ido za ki ji yaro a tsakar gida, "Wai in ji Umma, Anti ta zo ta duba mata jini." Ba kya iya cewa a'a, domin wadda ta aiko ita ta yi miki wankan jego. A haka awa uku ko huɗu ne barcin yini, sai a koma wani daren.

Akwai kuma abin da ya fi aikin dare wuyar taɓawa, wato yadda muke kallon jiki. A Kano idan aka ce mace ta murje, ko ta yi ɓulɓul, yabo ne, kuma yabon har ga mijinta yake kaiwa. Tumbin namiji kuwa shaida ce ta cewa albashi ya fara zama. Ban ga laifin iyayenmu ba a kan wannan, domin idon da ya saba ganin yunwa dole ya ga ƙiba a matsayin rahama. Har yau a cikin birnin nan, a asibitin yara na Hasiya Bayero da sauran wurare, ana kwantar da yara masu tamowa waɗanda za ka iya ƙirga haƙarƙarinsu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna fuskokin biyu a shafi guda: cikin matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin 100 ramammu ne fiye da kima, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima. Mu da muke wuni da masu tarin fuka da masu ƙanjamau mun fi kowa haɗa rama da ciwo a zuciyarmu, ko da bakinmu na faɗin wani abu daban. Nas ɗin da ta rage kilo goma da gangan za ta sha tambaya a gidan biki: "Lafiya kuwa? Ko wani abu kika kwaso a asibitin? Ko dai maigidan ne zai ƙara aure?" Na san waɗanda wannan tsegumi kaɗai ya sa suka fasa.

Abin takaici, wannan sha'awa ta kai wasu 'yanmata ga shan magungunan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi haɗin maganin buɗe ciki ne da dexamethasone. Wannan na biyun yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da ƙeya, ya ɗaga suga da jini, ya raunana ƙashi. Daga kantunan magani suke fita, ba daga sama ba, kuma wani lokaci hannun da ya miƙa su hannun wanda ya san illarsu ne.

Motsa jiki kuma, birnin kansa ya canja mana. Gwaggona, wadda ta yi aikin ungozoma kafin a haife ni, da ƙafa take zuwa aiki da ƙafa take dawowa, ta biya Kasuwar Rimi ta yi cefane, ranar da ba ta da aiki ta taka har Kurmi. Ba ta taɓa kiran wannan motsa jiki ba, zirga-zirga ce kawai. Yanzu Adaidaita Sahu, wadda ta shigo a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kuma mamaye tituna bayan an hana acaɓa a 2013, tana ɗaukar mutum daga bakin lungu ta sauke shi a bakin ƙofar asibiti. Filaye da kududdufai da yawa an cike su an yi shaguna, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa ta zube a wurare da dama, gefen titi kuma 'yan tebur sun cinye shi. Namiji yana iya sa wandonsa ya nufi filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ko ya hau Dala da asuba. Matar aure mai shekara 45 da ta fito tana sassarfa a lungun Yakasai kuwa, kafin ta kai bakin titi an aika gidansu a ji ko lafiya. Kuma kada tsayuwar aiki ta ruɗe mu. Tsayuwar awa takwas a kan majinyaci tana kumbura ƙafa, tana gajiyar da baya, amma ba ta sa zuciya bugawa irin yadda tafiya da sauri ke sa ta.

Dalilin da ya sa ba na ɗaukar wannan magana da wasa shi ne wata babbar sista da ta koya mini aiki. Mace ce mai jiki, mai fara'a, wadda duk unguwarsu ita ke auna musu jini. Wata rana da hantsi muna rubuta rahoto sai na ga biro ya faɗi daga hannunta, ta sunkuya za ta ɗauka hannun ya ƙi. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta buɗe baki za ta amsa, maganar ta karkace. Da aka ɗaura mata abin awon da ita kanta ta ɗaura wa mutum fiye da 30 a safiyar nan, jininta ya haura 200. Da aka duba suga, shi ma ya yi sama. Ba ta da kati a asibitin da ta yi wa aiki shekara 26. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ɓarin jikinta na dama bai dawo daidai ba, kuma ta bar aiki saura 'yan shekaru ta yi ritaya, da yara uku a makaranta. Ɗakin da take riƙewa ya koma hannun mutum biyu da ba su kai rabin gogewarta ba.

Asarar tana taɓa majinyata ta wata hanya ma. An yi bincike a Amurka da ya nuna cewa likitocin da su kansu ke da ƙiba ba su cika tayar wa majinyaci da zancen rage nauyi ba, idan aka kwatanta da sauran. Ban yi mamaki ba. Da wuya ka ce wa Hajiya ta rage tuwon dare alhali idonta na kan tumbinka, kuma matan Kano ba sa rasa amsa. Ni dai abin da na ga ya fi aiki shi ne in ce mata, "Hajiya, ni da ke duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, ga abin da nake gwadawa." Sai ka ga ta gyara zama.

Abin da nake gwadawa ɗin ba shi da yawa, kuma na zaɓe shi ne don ya dace da dutin dare, domin shawarar da aka tsara wa mai tashi aiki ƙarfe huɗu na yamma ba ta da amfani a wurinmu. Ina cin abincina mai nauyi kafin in fita daga gida, tuwon dawa ko na gero da miya mai ganye, ko wake. Ina tafiya da abin da zan ci idan yunwar ƙarfe biyu ta zo: dafaffen ƙwai, gyaɗa cikin tafin hannu, yalo, goba, ko kwaɗon zogale ko na rama da ba a cika masa mai ba. Wanda ya shiga dare hannu sake, mai shayi ne zai zaɓa masa abinci. Sugan shayi na rage shi rabin cokali rabin cokali har harshe ya saba, lemon kwalba kuma na mayar da shi abin biki. Daga ƙarfe uku na dare ba na ƙara shan shayi, don kada ya hana ni barcin safe. A gida na sa labule mai kauri, na kuma yi magana da maƙwabta cikin girmamawa cewa ranar da na kwana a aiki, awon jini sai bayan la'asar. An ɗan yi gunaguni, daga baya aka saba. Ranar aikin safe kuma ina sauka daga Adaidaita tun da sauran tafiyar minti 15, da hijabina da jakata, babu wanda zai ce motsa jiki nake yi. Minti 15 zuwa, 15 dawowa, kwana biyar, an sami minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema a mako.

Ba a bukatar mutum ya koma yadda yake ranar da ya gama makaranta. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da ciwon suga, da aka sa su a tsarin rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, wannan kilo 6 ne kacal, wanda ko 'yan gidan biki ba lalle su lura ba. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok kuwa, yawancinsa maganin gudawa ne ko na fitsari, ruwa yake zubarwa ya bar kitsen. Sababbin allurai irin su Ozempic da Wegovy suna aiki, amma suna da tsada ƙwarai, suna bukatar kulawar likita, kuma nauyin yakan dawo idan aka daina. A tuna kuma cewa wani ƙarin nauyin daga magani yake, kamar wasu magungunan ƙwaƙwalwa, ko allurar tazarar haihuwa ga wasu mata, wani kuma daga matsalar maƙoƙo, wani gado ne. Irin wannan sai an bincika, ba a yanke masa hukunci da ido.

Sai dai akwai iyakar abin da mutum ɗaya zai iya. Hukumomin asibitoci, daga Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano har zuwa shugaban ƙaramin asibitin unguwa, suna da abin yi da ba ya cin kuɗi mai yawa: a tsara jadawali yadda ba za a jera wa mutum darare masu yawa ba tare da hutu a tsakani ba, a ware ɗan wurin da ma'aikacin dare zai kishingiɗa minti 20 ta hanyar karɓa-karɓa, a samar da ruwan sha mai sanyi a kowane sashe, a ba mai sayar da 'ya'yan itace da dafaffen wake gurbi kamar yadda aka ba firij ɗin lemo. Mafi muhimmanci, a sa ranar awon ma'aikata sau ɗaya a shekara, jini da suga da ƙugu, a cikin sirri, domin babu mai son abokin aikinsa ya san lambarsa.

Kafin a kai ga haka, akwai ɗabi'a guda da nake roƙon 'yan'uwana ma'aikata su bari, wato neman magani a baranda. Ka tare likita yana sauri, ka ce kanka na ciwo, ya ambaci sunan ƙwaya, ka je ka saya, shi ke nan babu awo, babu rubutu, babu ranar dawowa. Idan ka auna jininka a ranaku biyu mabambanta ka ga ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, ko sugan safe kafin karin kumallo ya kai 7 a ma'aunin milimol, wato 126 a ɗaya ma'aunin, ko iyalinka suna cewa kana munshari har numfashinka na ɗaukewa, to ka yanki kati da sunanka, ka zauna a kujerar majinyaci, ka bari wani ya duba ka tun daga farko, ya kuma rubuta maka ranar da za ka dawo.